Ayar Alƙur'ani a ƙofar coci: amsa kan babbar majami'ar Palermo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani abokina ya turo mini hoton wani ginshiƙi da aka sassaƙa ayar Alƙur'ani a jikinsa. Ya ce a ƙofar wani babban cocin Katolika yake, a Palermo, babban birnin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, kuma wai cocin nan masallaci ne aka ƙwace. Gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya aka yi, kuma su wa suka gina shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hoton gaskiya ne. Ginshiƙin yana nan a rumfar ƙofar kudu ta majami'ar, shi ne na hagu in ka tsaya a farfajiya kana fuskantar ginin. A jikinsa an fitar da wani ɗan allo na dutse, an sassaƙa aya ta 54 ta Suratul A'araf, wadda take cewa Ubangijinku shi ne Allah da ya halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida, yana rufe yini da dare, rana da wata da taurari duk horarru ne da umarninsa. Dubban mutane suna wucewa ta gefensa kullum za su shiga ibada ko kallo, mafi yawansu ba su ma ɗaga kai ba.

Maganar masallaci kuwa sai an warware ta a hankali, domin abokinka ya haɗa abu biyu wuri guda: filin da ginin. A filin nan an yi masallacin Juma'a, wannan babu shakka. Amma ginin da yake tsaye yau an ɗora shi ne fiye da shekara ɗari bayan an daina salla a wurin, kuma tun daga tushe coci aka nufa. Shi ma masallacin coci ya tarar a wurin. Bari in bi maka su ɗaya bayan ɗaya, don ginin nan ba a gane shi sai an san hannayen da suka taɓa shi.

Kafin nan, kalma ɗaya. Abin da ake kira katidiral coci ne da kujerar bishop take cikinsa. Sunan ma daga kalmar kujera ya fito a Girkanci da Latin. Girman gini ba shi ke sa a kira shi haka ba. Ta Palermo kujerar babban bishop ce, an kuma sa mata sunan Maryamu uwar Yesu, bisa aƙidar Katolika ta ɗaukaka ta zuwa sama.

Sisili tana tsakiyar tekun Bahar Rum, tsakaninta da gaɓar Tunisiya kusan kilomita 150 ne kawai, shi ya sa duk mai ƙarfin da ya taso a kudu ko a arewa sai ya miƙa mata hannu. A ƙarshen ƙarni na 6 zuwa farkon na 7, zamanin Paparoma Giregori Babba, an gina coci a wannan wuri, tsibirin yana hannun Rumawan Ƙusɗanɗiniya. A 827 rundunar Aglabawa, sarakunan Ƙairawan ta Tunisiya, ta taso daga Susa ta sauka a Mazara, a gaɓar Sisili. Wanda ya ja rundunar sunansa ba baƙo ba ne ga almajirin fiƙihu: Alƙali Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu gaban Imamu Malik a Madina, ya ɗauki mas'aloli wurin Ibnul Ƙasim a Masar, kuma daga littafinsa ne Sahnun ya faro aikin da ya zama Mudawwana. Tsoho ne mai kusan shekara saba'in, ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Palermo ta faɗi a 831, Larabawa suka kira ta Balarm, suka mai da ita babban birni, suka mai da cocin masallacin Juma'a.

A nan nake so ka ɗan tsaya, domin tsibirin nan ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Duk wanda ya buɗe Muktasar na Shehu Halil ya ga a gabatarwa an ambaci malamai huɗu da marubucin yake ishara zuwa ga ra'ayinsu: Lakhami, Ibnu Yunus, Ibnu Rushdi da Mazari. Ibnu Yunus ana masa laƙabi da Assiƙilli, wato mutumin Sisili. Mazari kuwa nasabarsa ga Mazara take, garin da Asad ya sauka. Ke nan biyu cikin huɗun suna ɗauke da sunan tsibirin nan, ana kuma karanta su a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram har gobe.

Matafiyi Ibnu Hauƙal ya zo Palermo wajen 973, lokacin sarautar gidan Kalbawa ƙarƙashin Fatimawa. Ya ce masallatan birnin da kewayensa sun haura ɗari uku, har ya yi ƙorafin cewa kowane mai hali yana son nasa na kansa. Game da babban masallacin ya faɗi a fili cewa da can coci ne, ya ƙara da labarin da aka ba shi cewa akwai akwatin katako a rataye a ciki wanda Kiristoci suke cewa gawar Arasɗu ce, malamin falsafar nan na Girkawa. Titin da majami'ar take bakinsa har yau mutanen gari suna ce masa Kassaro, daga Alƙasar. Akwai kuma unguwar Kalsa, daga Alkhalisa, birnin sarauta da Fatimawa suka gina a 937.

Shekara 241 aka yi ana salla a wurin. A farkon 1072 Normawa, mayaƙa 'yan asalin arewacin Faransa, ƙarƙashin 'yan'uwa biyu, Robat Giskar da Roja, suka ci birnin. Abin da suka fara yi shi ne mai da masallacin coci, suka nemo wani bishop Bagirke mai suna Nikodimu da yake riƙe da ɗan ƙaramin coci a bayan gari, suka zaunar da shi. Ba su rushe ginin ba. A cikinsa aka naɗa Roja na Biyu sarkin Sisili ranar Kirsimeti ta 1130. Malamin labarin ƙasa Idrisi, wanda ya kammala littafinsa da taswirarsa a fadar wannan sarki a 1154, ya ga ginin da idonsa ya yaba ƙawarsa. Shi ne kuma ya rubuta wa Roja labarin Gana da Kaukau, wato Gao, da Kanem.

To, me ya sa aka rushe shi daga baya? Gasa ce tsakanin fada da babban bishop. Sarki Wiliyam na Biyu ya fara gina wata ƙasaitacciyar majami'a a Monreale, kan tudu, kusan kilomita 8 daga Palermo, a 1174. Ya lulluɓe bangonta da zanen ƙananan duwatsu da gilashin zinariya, kuma a 1183 Paparoma ya ba ta nata babban bishop. Babban bishop biyu a tazarar tafiyar hantsi, kowa ya san wanda ake so a rage wa tsawo: Gualtiero, babban bishop na Palermo, tsohon malamin sarkin kuma mai ƙarfi a majalisarsa. Shi kuwa ya sa aka kwantar da tsohon ginin, ya tayar da sabo, aka keɓe shi a 1185. Littattafan yawon buɗe ido sukan kira shi Offamilio, su ce Bature ne daga Ingila. Masana tarihi sun nuna cewa sunan ya samo asali ne daga kuskuren karanta muƙaminsa na babban na kusa da sarki. Kabarinsa yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa na majami'ar, tare da na sauran manyan bishop, da yawansu cikin akwatunan dutse na zamanin Rumawa da aka sake amfani da su.

Fasalin ginin kansa shaida ne. Masallacin Magrib, kamar na Ƙairawan, faɗi yake yi, don sahu ya miƙe a fuskanci alƙibla, ga fili a tsakiya. Ginin Gualtiero tsawo ya yi, doguwar hanya a tsakiya da ƙanana biyu a gefe, duk sun nufi wurin bagadi a gabas. Wannan tsarin coci ne tun zamanin Rumawa.

Idan Allah ya kai ka, kada ka fara da ƙofa. Zagaya bayan ginin, ɓangaren gabas, inda bango ya yi ƙusumbi uku, babba a tsakiya. Nan ne aikin 1185 ya fi tsira, kuma a ganina nan ne mafi kyau a ginin duka. Dutsen ruwan ƙasa ne mai ɗaukar hasken rana ya koma kamar zuma. A jikinsa an fitar da baka masu tsini a sama, makafi, wato ba ƙofa ba taga, kowace ta ratsa cikin 'yar'uwarta kamar saƙar tabarma. Tsakaninsu an ƙwaƙule dutsen an cusa baƙin dutsen aman wuta, aka fitar da da'irori da taurari da layuka masu sarƙewa. Wanda ya saba ganin zayyanar bangon Alƙur'ani ko aikin allon zayyana zai ji idonsa ya san wannan lissafi: siffa ɗaya ake maimaitawa ana juya ta har ta cika fili, babu inda ido zai ce nan ne farko. A saman bango an jera haƙora kamar na ganuwa, ga hasumiya huɗu a kusurwa huɗu. Daga nesa ginin ya fi kama da gidan sarki mai tsaro fiye da ɗakin ibada, kuma ina ganin da gangan Gualtiero ya so haka.

Wannan salo shi ake kira na Larabawa da Normawa, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Suna ganin baka mai tsini da zanen taurari sai su ce ragowar masallaci ne. A'a. Sabon aiki ne da aka yi wa sarakuna Kirista, da fasahar da tsibirin ya gada daga zamanin Musulunci da wadda fada ta aro daga Masar ta Fatimawa da Arewacin Afirka. Sarakunan Normawa 'yan tsiraru ne a kan jama'a mai yawan Musulmi da Girkawa, sai suka riƙe abin da suka tarar. Diwaninsu yana rubutu da Larabci da Girkanci da Latin, kuɗin zinariyarsu na ɗauke da rubutun Larabci. Alkyabbar Roja na Biyu, wadda take birnin Biyana na Ostiriya yanzu, an yi mata aiki a Palermo, a bakinta an rubuta shekarar Hijira 528 da rubutun Kufi, a jikinta zaki ya danne raƙumi. Ɗakin ibadar fadarsa, tafiyar 'yan mintuna daga majami'ar, rufinsa na katako ne mai ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma, irin wanda Larabawa ke kira muƙarnas, bangonsa kuma aikin Girkawa ne.

Sai dai ba na son ka ɗauka zaman lafiya lau aka yi, kamar yadda wasu masu tallar birnin suke nunawa. Muna da shaidar ganau. Ibnu Jubair, ɗan Andalus, jirginsa ya fashe a Messina, a gaɓar Sisili, yana dawowa daga Hajji, ya iso Palermo a ƙarshen 1184, daidai lokacin da ake ƙarasa wannan gini. Ya samu labarin cewa sarki yana karatu da rubutu da Larabci, fadawansa da yawa Musulmi ne masu ɓoye addininsu. Ya ga matan Kirista sun fito ranar Kirsimeti da lulluɓi da lalle kamar matan Musulmi. Ya ga masallatai da kasuwanni da alƙalin Musulmi. Amma ya rubuta cewa ba su da sallar Juma'a domin an hana huɗuba, kuma manyansu suna cikin fargaba. Haraji ma suke biya wanda sunansa jiziya, an juya musu shi. Da Wiliyam ya mutu a 1189 aka far wa Musulmin birnin, suka gudu duwatsu suka yi tawaye. Daga shekarun 1220 zuwa 1246 Sarki Firedirik na Biyu ya murƙushe su, ya kwashe waɗanda suka rage zuwa Lucera a kudancin Italiya. A 1300 aka watsa wannan garin ma, aka sayar da mutanensa bayi. Larabcin Sisili ya mutu a Sisili, sai a harshen mutanen Malta ya bar baya. Duk lokacin da na kalli waɗannan baka na gabas nakan tuna cewa cikin kimanin shekara sittin da ɗora su babu sauran al'ummar Musulmi a tsibirin.

Shi wannan Firedirik yana kwance a cikin majami'ar. Kana shiga ta ƙofar kudu ka juya hagu za ka ga kaburburan sarakuna: Roja na Biyu, 'yarsa Kostanza, mijinta Sarki Henri na Shida na Jamus, da ɗansu Firedirik, wanda aka naɗa a nan a 1198 yana ɗan shekara uku, ya rasu a 1250. Akwatunan na wani jan dutse ne mai duhu, mai ɗigo-ɗigo, da ake kira forfiri. A hamadar gabashin Masar kaɗai Rumawa suke haƙo shi, sun keɓe shi ga sarakunansu, kuma an daina haƙarsa ɗaruruwan shekaru kafin Normawa. Saboda haka duk wanda ka gani a nan daga tsofaffin gine-ginen Rumawa aka yanko shi. Kwanciya a cikinsa da'awa ce: ni ma Ƙaisar ne. Roja ya sa an sassaƙa guda biyu ya ajiye a majami'ar Cefalù, wani gari a gabas da Palermo, a 1145, inda ya so a binne shi. Ba a cika masa wannan buri ba. A 1215 jikansa Firedirik ya sa aka ɗauko su zuwa Palermo, ɗaya aka sa mahaifinsa, ɗaya ya ajiye wa kansa, wanda yake zaune kan zakuna huɗu. Da aka buɗe shi a 1781 an tarar da rubutun Larabci a hannun rigar da aka binne shi da ita. Mutumin da ya kori Musulmi daga Sisili ke nan, kuma shi ne ya yi sulhu da Sarkin Masar Alkamil a 1229 kan Ƙudus ba tare da yaƙi ba, har Paparoma ya yi ta zarginsa da son Musulmi. Matarsa ta fari, Kostanza ta Aragon, wadda ta rasu a 1222, tana gefe cikin akwatin farin marmara na Rumawa mai hoton farauta. Hular sarautar da aka samu a kabarinta tana ma'ajiyar majami'ar.

Yanzu mu koma ga ginshiƙinka. Bayan boren 1282 da aka kori Faransawan da suka karɓi mulki bayan zuriyar Firedirik, tsibirin ya shiga hannun gidan sarautar Aragon na Sifen, salon gini ya sauya. A ƙarni na 14 aka ƙara wa hasumiyoyin nan huɗu tsawo, da tagogi masu siraran ginshiƙai. Fuskar yamma ta samu ƙofarta, ga manyan baka biyu da suka tsallaka titi suka riƙe hasumiyar ƙararrawa da take jikin gidan babban bishop. A 1426 Antonio Gambara ya sassaƙa ƙofar kudu, a 1432 Francesco Miranda ya yi mata ƙyamaren katako. A tsakiyar ƙarnin aka ɗora rumfar da take gabanta, mai baka uku, ta tsakiya ta fi girma, a salon Gotik na Kataloniya, wani yanki na Sifen. Ke nan an kafa ginshiƙin mai ayar a inda yake kusan shekara ɗari huɗu bayan an daina salla a filin, shekara ɗari biyu bayan kwashe Musulmi. Tsohon ginshiƙi ne daga ginin Musulmi, magina suka ɗauko suka sa. Haka ake yi a ko'ina a lokacin. Marmara mai kyau tsada gare shi, ba a yar da shi. Masallacin Ƙairawan kansa a kan ɗaruruwan ginshiƙan Rumawa yake tsaye, kuma a Palermo akwai wasu ginshiƙai masu rubutun Larabci a cocin Martorana. Abin da nake jinjina wa shi ne an bar allon yana kallon waje, a ƙofar da kowa yake bi, kuma cikin ƙarnukan da suka biyo, har da zamanin kotun binciken aƙida ta Sifen da ta zauna a birnin, ba a sa kurfi an goge shi ba. Ayar da take jiki ma magana take kan halitta cikin kwana shida, abin da mai karanta Attaura ba zai musa ba.

A cikin rumfar akwai allunan tunawa da naɗin sarakuna biyu na baya, Vittorio Amedeo na gidan Saboya a 1713, da Carlo na gidan Burbon a 1735.

Da ka tsallaka ƙofa za ka ji kamar wani gini ka shiga, kuma nan ne abin yake mini ciwo. Sarautar Napoli, wadda take mulkin tsibirin a lokacin, ta ɗauko mai zanen gini Ferdinando Fuga, mutumin Firenze, ya tsara gyara a 1767. An yi aikin daga 1781 zuwa 1801, a hannun Giuseppe Venanzio Marvuglia da Salvatore Attinelli, shi Fuga ya rasu a 1782. A da, rufin katako ne, kuma baka masu tsini suna zaune kan siraran ginshiƙan dutse huɗu-huɗu a haɗe. Aka sauke rufin aka yi ɗaurin guga, aka mai da baka masu tsini zagayayyu, aka tayar da kaurara-kauraran ginshiƙai masu kusurwa aka jingina tsofaffin a jikinsu kamar ado. Aka fasa ginin a gicciye don ya yi siffar kuros, aka ɗora babbar ƙubba a mahaɗar, aka jera ƙananan ƙubbobi masu fale-falen tangaran a gefe. Aka shafe ciki da fari da toka-toka. Kaburburan sarakuna ma daga kusa da bagadi aka janye su zuwa lungun da suke yanzu.

Babbar asarar ita ce aikin gidan Gagini. Antonello Gagini ya fara shi a 1510, 'ya'yansa suka ƙarasa a 1574: bangon marmara hawa-hawa da ya rufe bayan bagadi, cike da mutum-mutumin manzanni da waliyyai. Aikin uba da 'ya'ya na shekara sittin da huɗu, aka wargaza shi, aka rarraba gumakan, wasu jikin ginshiƙai, wasu a waje. Masu gyaran ba mugunta suka yi ba, ginin ya tsufa yana neman gyara, kuma a idon zamaninsu duk abin da ba na salon Rumawa da Girkawa ba ne aikin jahiliyya ne. Amma wanda ya taɓa ganin an kwantar da tsohon masallacin ƙasa mai azara da bakan gizo an zuba siminti da sunan ci gaba ya san irin wannan rashi. In kana son ka hango yadda cikin yake a da, hau Monreale, nata yana nan. Ƙubbar Fuga kuwa, ita kaɗai ba ta da laifi, kyakkyawa ce, sai dai ta zauna kan ginin kamar hular aro. Saman hasumiyar ƙararrawa shi ma sabo ne, na ƙarni na 19, an yi shi bayan girgizar ƙasa ta 1823 ana kwaikwayon tsofaffin hasumiyoyin, kuma ya fi ƙubbar sajewa.

Abu ɗaya gyaran ya kawo da nake ƙauna. A ƙasa, gaban wurin bagadi, akwai layin tagulla mai tsawon kusan mita 22 da ya miƙe daga kudu zuwa arewa, an jera alamun buruji goma sha biyu a gefensa da marmara mai launi. A ɗaya daga ƙananan ƙubbobin an huda 'yar ƙaramar kafa. Hasken rana yana shigowa ta nan ya sauka ƙasa kamar faifai, yana tafiya a hankali, lokacin da ya hau layin rana ta yi tsaka ke nan. Da bazara, rana tana sama, hasken yana sauka kusa. Da hunturu yana miƙewa can ƙarshen layin. Malamin taurari Fada Giuseppe Piazzi ne ya shimfiɗa shi a 1801, shekarar da ya gano Ceres, wata ƙaramar duniya mai zagaya rana, ranar 1 ga Janairu, daga ɗakin duban taurari da yake saman tsohuwar fadar Normawa. Dalilin aikin shi ne mutanen Sisili a lokacin suna fara ƙirga awannin yini daga faɗuwar rana, hukuma kuma tana son a koma ƙirgen da yake dogara da tsakar rana da tsakar dare kamar sauran Turai. Mai kafa sanda ya auna inuwa don ya san zawali ya riga ya san yadda wannan na'ura take aiki, kuma wanda yake cewa daren Juma'a yana nufin daren da ya biyo Magaribar Alhamis ya san tsohon ƙirgen nasu.

Kada tarihi ya sa ka manta cewa wurin ibada ne mai rai. Abin da ya fi kawo mutanen Palermo ba kabarin sarki ba ne, akwatin azurfa ne na Santa Rosalia, wata baiwar Allah da ta keɓe kanta a kogon dutsen Pellegrino a ƙarni na 12. A 1624 annoba ta afka wa birnin, aka samo ƙasusuwan da aka ce nata ne, aka zagaya gari da su, mutanen birnin suka jingina ɗaukewar annobar gare ta. An ƙera akwatin a 1631, kuma kowace shekara ranakun 14 da 15 ga Yuli gari yana cika don bikinta. A wani ɗaki kuma akwai kabarin Fada Pino Puglisi, limamin cocin unguwar Brancaccio, wanda ya dage yana janye yara daga hannun 'yan Mafiya ta hanyar makaranta da wasanni. Sun harbe shi a ƙofar gidansa ranar 15 ga Satumba 1993, ranar da ya cika shekara 56. Cocin Katolika ta sa shi cikin masu albarka, matakin da yake gab da na waliyyi, a 2013, Paparoma Faransis ya zo Palermo a 2018 ranar cika shekara 25 da kisansa. A 2015 hukumar UNESCO ta sa majami'ar cikin kayan tarihin duniya, tare da wasu gine-gine takwas na wannan salo a Palermo da Monreale da Cefalù.

In ka je, ka shiga da tufafi masu rufe jiki, ka yi shiru in ana ibada. Shiga babban ɗakin kyauta ne, amma kaburbura da ma'ajiya da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da hawa rufi sai da tikiti. Ka yi sammako ka fara da bangon gabas tun rana tana dukansa, ka zagayo rumfar kudu ka karanta ayar da kanka, sannan ka shiga ka jira hasken ya hau layin tagulla. Agogonka zai nuna wajen sha biyu da hunturu, wajen ƙarfe ɗaya da bazara saboda ƙarin awa da suke yi. In ka fito, kasuwar Ballarò tana nan kudu da titin Kassaro, tafiyar ƙafa ce, kuma a cikinta za ka tarar da 'yan Najeriya da Gana da Gambiya da Senegal suna saye da sayarwa, da yawansu ta teku suka iso daga gaɓar Libiya da Tunisiya.